Windows, Linux ko Mac: kafin ka biya kuɗin laftof a Beirut Road

Masu neman laftof a Beirut Road ko Farm Centre a Kano tambayarsu ba ta wuce biyu: "RAM nawa? Batirin yana riƙe caji?" Da wuya ka ji mai tambayar wace Windows ce a ciki, daga ina kuma ta zo. Ni kuwa nan ne hankalina yake tashi.

Windows rufaffiya ce. Asalin rubutun da aka gina ta da shi yana hannun Microsoft. Tun 2003 kamfanin yake ba wasu gwamnatoci damar leƙawa, amma ni da kai sai dai mu jira gyaran da zai turo. Windows 10 kuwa tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin na'urar, kuma a ɓangaren furosesa ta Intel (ƙwaƙwalwar kwamfutar) sai zubi na takwas zuwa sama, alhali laftof na hannu da yawa ba su kai nan ba. Yaron shago zai soka filash, ya tsallake sharaɗin, ya ɗora maka ta sata, ya ce, "Alhaji, ta hau." Ta hau ɗin, amma ka miƙa makullin gidanka ga manhajar da ba ka san wanda ya taɓa ta ba. A 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bi wata ɓaraka a Windows ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, alhali gyaran ɓarakar ya fito wata biyu kafin nan. Mutane ne ba su sabunta ba.

Linux a buɗe take, kowa na iya karanta rubutunta. Hakan bai hana wani cusa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a manhajar xz da Linux ke amfani da ita ba, sai dai a watan Maris 2024 wani injiniya ya gano ta kafin ta yaɗu, saboda rubutun yana fili. Ubuntu LTS, wani nau'in Linux, kyauta ce, da gyaran tsaro na shekara biyar. Tsohuwar laftof don karatu da intanet, ita zan zaɓa ba shakka. Mai shagon buga kati da ke rayuwa da manhajar zane ta CorelDRAW kuwa, Linux ba tasa ba ce, ya nemi na'urar da ta cancanci Windows 11 da lasisin gaske.

Mac tana da tsada, kuma Apple ma yana daina sabunta tsofaffinsa, don haka duba shekarar fitowarta.

Kafin ka tura kuɗi, zauna a shagon, a haɗa intanet, ka ga sabuntawa tana sauka da idonka. In mai shago ya ce a kashe ta don kada lasisin ya tashi, ɗauki jakarka ka shiga shago na gaba.