Allon dabara mai maganaɗisu: yana koyar da matsi, amma yana ɓoye tazara

Allon da masu horar da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na unguwa ke riƙewa a bakin fili, daga Zariya har Bagalam ta Maraɗi, kusan iri ɗaya ne: yana naɗewa biyu kamar littafi, ciki an zana fili, ga maɓallai masu maganaɗisu ja da shuɗi, goma sha ɗaya-ɗaya, da na ƙwallo, da alƙalamin da ake gogewa. Ana samunsa a shagunan kayan wasanni, kuma kuɗinsa bai kai na ƙwallo mai kyau ba.

Wajen jera 4-4-2 ko 4-3-3 ba shi da laifi, amma wannan ko da tsakuwa a ƙasa ana yi. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne koyar da matsi, wato takura wa abokan hamayya a ƙwace ƙwallo, don yaro yana ganin mutum huɗu sun motsa a tare. Ɗauki 4-4-2. Lamba 9, ɗan gabanku, ya tunkari ɗan baya mai ƙwallo a karkace, ya toshe masa hanyar ba abokinsa na tsakiya, dole ƙwallo ta tafi gefe. Ɗan gaba na biyu ya manne wa lamba 6 ɗinsu, ɗan tsakiyar da ke gaban ƴan baya. Da ta isa gefe sai ɗan gefenku ya far wa mai ita, layin fili ya tare shi ta ɗaya ɓangaren, sauran kuma duk su zame zuwa wannan gefen. A nuna musu lokacin tashi: an mayar da ƙwallo baya, ko ta yi tsalle mai karɓa ya kasa tsayar da ita, ko ya karɓa ya ba ku baya. In ba a ga ɗaya cikin ukun ba, kowa ya riƙe wurinsa.

Babban aibinsa ma'auni ne. Cikakken fili mita 105 ne a tsawo. A allo mai santimita 40, kowane santimita ya haura mita biyu da rabi, ke nan maɓalli mai faɗin santimita ɗaya da rabi ya cinye kusan mita 4. Wane ɗan wasa ne da wannan faɗin? Shi ya sa a allo sai ka ga ko'ina a rufe, a fili kuwa mota ma ta wuce tsakanin ƴan baya da ƴan tsakiya. Ƴan gaba su ruga, ƴan baya su noƙe don tsoron doguwar ƙwallo, fas ɗaya ya raba ƙungiya biyu. Arrigo Sacchi, mai horarwa ɗan Italiya wanda ya ci kofin Turai da ƙungiyar AC Milan a 1989 da 1990, ba ya son tazarar ƴan baya da ƴan gaba ta wuce mita 25. A wannan allo bai kai santimita 10 ba. A yanka kara daidai wannan tsawon a ajiye cikin allon, sannan a fili a auna taku talatin, a zuba toka a nuna iyakar, yara su gani da idonsu.

Maɓalli kuma ba ya gajiya. A zafin Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40 a Maraɗi, ga yashi na riƙe ƙafa, ƙungiyar da ke atisaye sau biyu ko uku a mako ba za ta matsa minti casa'in ba. Minti goma na farkon kowane rabi ya isa, sai a koma layin tsakiya a jira.

Ingancinsa daidai kuɗinsa. Maganaɗisun ƙanana ne, in ɗaya ya faɗi a yashi sai an tona, kuma yana fitowa da baƙin garin ƙarfe manne a bayansa. In ba a share ba shi ke karce allon. Alƙalamin da ke zuwa da shi saurin bushewa gare shi, a sayi wani tun ranar. In wani ya yi kuskuren rubutu da wanda ba ya goguwa, alkol na famasi a auduga yana fitar da shi. Kada a bar shi ƙarƙashin sirdin babur a rana, fatar bayan tana ɓarewa daga wajen naɗin. Ga ƙungiyar unguwa, mai zik ya fi mai buɗaɗɗen baki, don maɓallan ba sa zubewa a hanya.