Sharhi kan cibiyar kula da yara masu tamowa: abin da na gani da idona

Ɗiyata ta warke daga tamowa a hannun wata ƙungiyar agaji da ke kula da yara kyauta, kuma tun da aka sallame mu iyaye mata ke tambayata ko wurin ya cancanci zuwa. Ya cancanta ƙwarai. Sai dai akwai inda suka burge ni, akwai kuma inda nake ganin da sauran gyara, kuma duka biyun zan faɗa.

Aikin nasu daga gida yake farawa. 'Yar sa-kai ce ke bi gida-gida da wani siririn ma'auni mai launi uku, kore da rawaya da ja, tana zagaya shi a damtsen yaro. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, idan damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne. Na ɗiyata a ja ya tsaya. Matar ta kama ƙafafun yarinyar duka biyu, ta danna bayansu da manyan yatsunta na ɗan lokaci, ta saki. "Mama, ki duba nan. In kika ga wurin ya loɓa bai taso ba, kumburi ne, kada ki ɗauka ƙiba ce." Ta bar mini ma'aunin, ta sa na auna a gabanta har ta gamsu na iya. Wannan shi ne abin da ya fi kwanta mini a rai a dukan aikinsu: ba su ɗauki uwa a matsayin mai kawo yaro kawai ba, sun sa jinyar a hannunta.

A cibiyar kuwa, bayan an ɗora yarinya a sikeli an auna tsawonta, sai aka zaunar da mu a gefe aka ba ta maganin tamowa, wani haɗin gyaɗa da ke cikin leda, ta ci a gabansu. Gwajin cin abinci ke nan, kuma shi ke raba hanya. Yaron da ya ci, kuma ba shi da wani ciwo mai tsanani, a gida za a yi jinyarsa, a riƙa kawo shi mako-mako. Wanda ya ƙi ci, ko kumburinsa ya yi yawa, kwantar da shi ake yi a fara ba shi wata madara ta musamman. A da duk mai tamowa mai tsanani gado ake ba shi. A 2007 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da jinya a gida. Duk uwar da ke da wasu yara ta san darajar wannan, don ba kowa ke iya barin gida makonni ta tare a asibiti ba.

Maganin kansa ɗan ƙullin leda ne mai nauyin giram 92, haɗin gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, kowane ƙulli na ɗauke da kalori 500. Ba a dafawa, ba a damawa da ruwa, kuma rashin ruwan da ke cikinsa ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciki. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996 da sunan Plumpy'Nut, ta hannun wani likitan yara, André Briend, da kamfanin Nutriset, kuma a yunwar 2005 a Nijar ne aka ga amfaninsa a kan dubban yara. Tare da shi an ba mu maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga baya na tsutsar ciki, aka kuma duba katin rigakafi aka cike na ƙyanda. An jaddada mini in ci gaba da shayarwa, in riƙa ba ta ruwa mai tsabta duk lokacin da take ci.

Abu mafi wuya ba su ɓoye shi ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, wannan magani ne, lissafinsa da nauyinta aka yi. In aka raba da yayyenta, ba zai ishe ta ba." Gaskiya ta faɗa, amma sai wadda ta zauna tana matsa wa yaro ɗaya leda a baki, sauran sun zuba mata ido, ta san nauyin wannan magana. Na riƙa jira sai sun fita wasa. Sannu a hankali yarinyar da ko kuka ba ta da ƙarfin yi ta fara miƙo hannu tana fizgar ledar da kanta. Da ta yi gudawa nauyinta ya ja baya, ba su jira ranar awo ba, har gida aka turo a duba ta.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Ma'aikata sun yi kaɗan, layi kuma ya yi tsawo, ga yara marasa ƙarfi ana riƙe da su cikin zafi, rumfar ba ta ɗaukar kowa. Akwai ma'aikaci guda da ke yi wa mata faɗa a bainar jama'a idan nauyin yaro bai ƙaru ba. Matar da aka kunyata yau, da wuya ta dawo mako mai zuwa, kuma yaron ne zai kwana a ciki. Ya kamata shugabanninsu su sa ido a kan wannan.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da aka ce maganin bai iso ba, aka ba kowa ƙasa da rabonsa. Ban ɗora wa ma'aikatan laifi ba, don na ga yadda fuskokinsu suka canza. Aiki ne da ya dogara da masu ba da tallafi, kuma tun da Amurka ta zabtare agajin da take bai wa ƙasashen waje a 2025 irin waɗannan cibiyoyi suka shiga matsi. Alhali buƙatar tana da yawa: a 2022 an ƙiyasta yara miliyan 45 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke fama da rama a duniya. Ko da haka, da sun sanar da mu tun da wuri, da mun san yadda za mu shirya.

Sai kuma bayan sallama. An koya mana yadda za mu ciyar da yaro da abin da muke da shi, amma zama ɗaya aka yi, cikin gaggawa, daga nan bibiya ta yi sanyi. Na ga yaran da aka sallama sun sake dawowa layi, don halin da ya kai su ga ciwon yana nan a gida. Ina roƙon ƙungiyar ta ƙara 'yan watanni tana leƙa yaran da ta sallama, ta kuma haɗa iyayen da ba su da hali da masu tallafin sana'a.