Horon haɗa sola na ƙungiyar ɗalibai: an koyi aiki, satifiket har yau shiru

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa a Jos ya koma maganar sola, shi ya sa da ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta shirya horon haɗa ta lokacin hutu, na biya kuɗin shiga. Amma a raina na ɗauka irin taron nan ne na dogon jawabi, a ɗauki hoto, a watse.

Wanda ya koyar da mu ɗalibi ne ɗan aji huɗu. Ya kwashe mu zuwa shagon wani dattijo mai aski a Unguwar Rogo, wanda batirinsa ya mutu bai ko shekara ba, yana ta rantsuwa jabu aka sayar masa. Yaron nan ya ce, "Baba, yi haƙuri, me da me kake kunnawa?" Aka lissafa: injinan aski, fanka, talabijin, ga firjin sayar da ruwan sanyi. Nan ya nuna mana firji idan zai tashi yana jan wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinsa, kuma batir mai ruwa ba a shanye shi ƙasa da rabi, wanda ke yin haka kullum shi ya kashe abinsa. Ni ya sa na haɗa batir biyu masu bolt 12 a jere, mitar auna wuta ta nuna 24. Wallahi sai da na washe baki. Ya hau rufi ya shafa fanel, wato faifan da ke karɓar hasken rana, yatsa ya sauko da ƙurar hunturu. Sanyin Jos, in ji shi, ba ya cutar fanel, zafi ne ma ke rage masa ƙarfi. Ƙura da hadarin Agusta su ne matsalar.

Wannan ranar kaɗai ta biya kuɗina.

To amma shugabannin ƙungiyar fa? Mita ɗaya tal suka kawo, ga mutane maƙil. 'Yan matan da suka biya daidai da mu yawanci kallo suka sha, maza sun danne kayan aiki, ba wanda ya tsawatar. Maganar batirin litiyum, wanda shi ake yayi yanzu, a gurguje aka wuce ta. Sannan kuɗin satifiket daban suka karɓa, har yau ba takarda. Ka yi magana a zauren WhatsApp, sakatare ya ce "ana kan bugawa". Wace irin bugawa ce wannan?

Mai son shiga zagaye na gaba ya fara tambayar wa zai koyar, ya zo da mitarsa, kuɗin satifiket kuma ya riƙe abinsa sai ya ga takarda a hannu.