Fina-finan Koriya na dangi da rashi: wanne ya kamata ka fara saukewa?

Da yawa daga cikinmu ta hannun Jumong muka san fina-finan Koriya ta Kudu, da takubbansa da dawakansa da kashi 81 ɗinsa. Amma inda mutanen nan suka fi gwanancewa shi ne labarin cikin gida: uwa da 'ya, bashi, jinya, mutuwa. Matsalar ita ce duk wanda ka tambaya wanne za ka fara da shi, amsa ɗaya zai ba ka, wai "wannan sai ka yi kuka." To ai dukkansu sai ka yi. Abin da ya kamata ka sani kafin ka ƙona data shi ne irin baƙin cikin da ke ciki, da wanda zai zauna kusa da kai lokacin kallo, da yawan dararen da zai cinye maka.

Idan da iyali za a kalla, Reply 1988 ne a gaba. Tashar tvN ta nuna shi daga ƙarshen 2015 zuwa farkon 2016. Labarin gidaje biyar ne a lungu ɗaya a unguwar Ssangmun da ke Seoul, a shekarar da birnin ya karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Gidan su Deok-sun, yarinyar da ke tsakiyar labarin, a ɗakin ƙasa suke zaune saboda mahaifinta ya tsaya wa abokinsa a bashi, abokin ya bar shi da biya. Ita ce ta tsakiya, don haka idan ƙwai biyu ne a gidan, na yayarta ne da ƙaninta, kuma bikin ranar haihuwarta ma sai a haɗa da na yayar don a rage kashe kuɗi. Da magariba iyaye mata suna aiken yara da kwanon abinci gida-gida, kowane kwano ya dawo da wani abu a ciki, kamar dai yadda ake yi a unguwanninmu da azumi. Akwai zaman makoki a kashi na biyu wanda shi kaɗai ya isa hujja. Mahaifin Deok-sun ya rasa uwarsa, yana ta hira da dariya da masu ta'aziyya har 'yarsa ta ji haushinsa, sai da babban wansa ya iso daga Amurka sannan ya rushe da kuka.

Aibinsa tsawo. Kashi 20 ne, kowanne kusan sa'a ɗaya da rabi, na ƙarshe-ƙarshe ma sun fi haka, ke nan ka ware sa'o'i kusan talatin. Sannan marubuciyar ta ja zaren wa Deok-sun za ta aura har ya gunduri mutum. Ni a ganina iyayen ne fim ɗin, soyayyar yaran cikon benci ce.

My Mister na 2018 wani abu ne daban, kuma ba na falo ba ne. Kashi 16. Lee Sun-kyun, wanda ya rasu a Disambar 2023, ya fito a matsayin injiniyan gine-gine mai shekara arba'in da wani abu, wanda matarsa ke cin amanarsa da shugaban kamfanin da yake aiki. Mawaƙiya IU kuma ta fito a matsayin ƙaramar ma'aikaciyar wucin gadi da ke jinyar kakarta kurma, ga mai ba da bashi da ruwa yana binta yana dukanta. Ta dasa wa injiniyan abin sauraro a waya don ta sayar da sirrinsa, sai ta ƙare da jin yadda mutumin kirki ke haɗiye wulakanci shi kaɗai. Tazarar shekarunsu ta jawo surutu a Koriya tun kafin a fara nuna shi, amma wanda ya kalla ya san ba labarin saurayi da budurwa ba ne, tausayi ne tsakanin mutum biyu da rayuwa ta gajiyar. Kashi huɗun farko duhu ne da shiru, nan da yawa suke ajiye shi. Akwai duka, akwai cin amanar aure, kuma injiniyan da 'yan uwansa biyu kusan kullum a mashaya suke. Ta fuskar rubutu da wasa, babu wanda ya kai shi a cikin waɗanda zan ambata. Amma kai kaɗai za ka kalle shi, bayan yara sun yi barci.

Ma'aurata da suka daɗe tare, nasu shi ne When Life Gives You Tangerines, wanda Netflix ta saki a Maris 2025, kashi 16, daga daraktan da ya yi My Mister, Kim Won-seok. A tsibirin Jeju aka kafa labarin, inda mata ke nutso cikin teku ba tare da tukunyar iska ba suna tsinto abin sayarwa. Mahaifiyar Ae-sun, jarumar fim ɗin, ɗaya ce daga cikinsu, ta mutu da ƙuruciyarta ta bar 'yar da ke burin zama marubuciyar waƙoƙi. Daga nan fim ɗin ya bi Ae-sun da mijinta Gwan-sik tun daga shekarun 1960 har tsufa, da yadda suka riƙa rabuwa da abin da suka tara don 'yarsu ta yi karatun da su ba su samu ba. IU ce ta fito uwar a ƙuruciya, ita ce kuma 'yar. Ya fi Reply 1988 kyan hoto nesa ba kusa ba, amma ya fi shi matsa wa mai kallo, kusan kowane kashi da wurin da aka shirya don hawaye. Gargaɗi ɗaya: akwai mutuwar ƙaramin yaro a ciki, kuma ba su yi sauri sun wuce ta ba. Wadda ta taɓa binne ɗa ta san da wannan tukuna.

Haka zan ce game da Hi Bye, Mama! na 2020, inda Kim Tae-hee ta fito a matsayin uwar da ta mutu ta bar jaririya, aka ba ta kwana 49 ta dawo duniya, ta tarar miji ya sake aure. Kwana 49 ɗin daga aƙidar addinin Buddha aka ɗauko shi, kuma fatalwowi sun cika fim ɗin, don haka wanda irin wannan ke damunsa ya tsallake. Tsakiyarsa ma ta yi sanyi.

Mai ƙarancin lokaci ya ɗauki Move to Heaven na 2021. Kashi 10 ne kawai, yawancinsu ba su cika sa'a ɗaya ba. Wani matashi da ƙanin mahaifinsa, wanda ya fito daga kurkuku, suna sana'ar kwashe kayan mamata, suna tattara abin da ya rage a akwati mai ruwan ɗorawa su kai wa dangi. Kusan kowane kashi da nasa mamacin, saboda haka kana iya kallon ɗaya ka huta mako guda. Ɗaya daga cikin labaran soyayya ce tsakanin maza biyu, gara ka sani kafin ka kunna a gaban mutane.

Our Blues na 2022 ma a Jeju yake, kashi 20, labarai daban-daban da suka haɗu a kasuwar kifi. Wasu sun yi, wasu ba su yi ba, har da na 'yan sakandare da ciki. Sai dai labarin ƙarshe, na Lee Byung-hun da Kim Hye-ja a matsayin ɗa da uwar da ya ƙullata tun yana yaro, ya biya kuɗin sauran. Tsofaffin irin su Autumn in My Heart na 2000, mai musayar jarirai a asibiti da ciwon dajin jini, na masu son tsantsar soyayya da kuka ne irin na Indiya, kuma hotonsu ya tsufa.

Akwai abin da kusan dukkansu suka haɗu a kai. Giyar soju tana kan tebur a murna da makoki, kuma za ka ga ana jera abinci ana rusunawa don tunawa da mamata, al'adarsu ce. Da Koriyanci suke magana, saboda haka ka tabbatar akwai rubutun fassara a ƙasa kafin ka sauke, kuma a waya ƙaramin ingancin hoto ya wadatar tunda yawanci fuskoki ne da hira. Na Netflix guda biyu, Tangerines da Move to Heaven, suna nan a manhajar, sauran kuwa samuwarsu kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka bincika. Wanda bai taɓa kallon ko ɗaya ba ya sauke kashi biyun farko na Reply 1988 kawai. Idan zaman makokin nan bai taɓa shi ba, kada ya ɓata datarsa a kan sauran 18, ya gwada Move to Heaven.