Alƙahira kaɗai ko a nausa kudu zuwa Luxor da Aswan? Amsa ga mai kwana takwas a Masar

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kuna da kwana takwas a hutun Disamba, kai da maiɗakinka da yara biyu, mai shekara 12 da mai shekara 7, za ku Masar yawon buɗe ido, kuma guzurin bai kai a zagaye ko'ina ba. Wani ya ce maka ku zauna a Alƙahira kawai tunda dala a can suke, wani kuma ya ce wanda bai je Luxor da Aswan ba bai ga Masar ba. Na taka duka wuraren, don haka bari in ajiye maka su kusa da juna ka duba da kanka.

Mu fara da Alƙahira, tunda ko ka so ko ka ƙi nan jirginku zai sauka. Dala uku na Giza suna bakin gari ne, ba cikin daji ba kamar yadda hotuna suke nunawa; kana iya hango su daga tagar mota kana cikin cunkoso. Babbar cikinsu, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, kuma an jera duwatsu wajen miliyan 2.3 kafin ta tashi. Mu da muka taso muna jin labarin dalar gyaɗa ta Kano, siffar ba baƙuwa ba ce gare mu. Amma ranar da na tsaya a gindinta na ga dutse guda na layin ƙasa ya kai mini ƙirji, sai na yi shiru. Ana shiga ciki da tikiti na daban, sai dai ban ba maiɗakinka shawarar shiga ba in tana da ciwon gwiwa ko numfashi: hanya ce ƙuntatacciya da ake hawa a duƙe, ga zafi, kuma abin da ke ƙarshenta ɗaki ne wayam da akwatin dutse babu kowa a ciki. Idan kuna son dala ba tare da turereniya ba, ku ɗauki mota zuwa Saƙƙara, wajen kilomita 30 kudu da gari, inda dalar Zoser mai hawa shida take, wadda ta girmi na Giza. Gaba kaɗan kuma akwai Dahshur, can ma akwai dala.

Kayan da aka tono daga kaburbura, yawancinsu a Alƙahira suke. Sabon babban gidan tarihin da ke dab da dala, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwambar 2025, shi ke riƙe da kayan kabarin sarki Tutankhamun sama da 5,000. Gawarwakin sarakuna kuwa suna wani gidan tarihin a unguwar Fusɗaɗ, inda aka mayar da guda 22 a watan Afrilun 2021. Na san da yawa daga cikinmu wannan ne ke kai su, wato ganin gawar Fir'auna. A nan sai a yi hattara da abin da za a gaya wa yara. Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan Annabi Musa (AS) ba. Wasu masu bincike sun karkata ga Ramsis na Biyu, wasu ga ɗansa Marnabtah, kuma gawarwakin duka biyun suna ɗakin. Ku duba su ku ɗauki wa'azi, ba sai an yanke hukuncin da ba a da tabbas a kai ba.

Inda Alƙahira ta yi wa kudu fintinkau, a wurina, shi ne tarihin Musulunci, kuma abin takaici masu shirya tafiya sukan ba shi rabin yini kawai. Masallacin Amru bin As yana nan tun kusan shekarar 642, shi ne na farko a Masar. Na Ibnu Ɗulun an gama shi a 879, da hasumiyarsa mai matakala ta waje da ake hawa ana kewayawa. Yaranka za su so hawanta, kuma ba kasafai ake samun taro a wurin ba. Azhar an buɗe shi a 972, kuma har yau idan ka zauna a harabarsa bayan la'asar da wuya ka tashi ba ka ji Hausa a bakin wani ɗalibi daga Kano ko Damagaram ba. Ga kushewar Imamu Shafi'i, ga ganuwar Salahuddin da aka fara ginawa a 1176. Sannan ga kabarin Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin malamai biyun da suka rubuta Jalalainin da ake karanta mana duk azumi, kuma wanda ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Da na tsaya a wurin ban ji kamar baƙo ba. Wannan babu irinsa a Luxor ko Aswan.

Aibin Alƙahira kuwa shi ne gajiya. Gari ne mai mutum sama da miliyan 20 in an haɗa da kewaye, hon ba ya tsayawa, ƙetare titi da yara sai an riƙe hannu gam, kuma tafiyar da taswira ta ce minti 20 takan cinye awa guda. Ga masu tallar raƙumi da doki a Giza. Ni kaina wani mai raƙumi ya faɗa mini kuɗi na amince, da muka yi nisa cikin rairayi sai ya ce wancan kuɗin hawa ne, na sauka daban. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ɗana yana sama yana kuka. Tun daga ranar nake gaya wa kowa: a yi ciniki a ƙasa, a faɗi kuɗin zuwa da dawowa da sauka, a fam ɗin Masar, kuma kada a biya sai an dire.

To, kudu fa? Luxor tana da nisan kilomita 650 da ɗoriya daga Alƙahira, awa ɗaya a jirgin sama, ko kwana guda a jirgin ƙasa na dare. Bambancin da na gani shi ne wannan: a Alƙahira kana kallon kayan ne a bayan gilashi, an ɗebo su daga muhallinsu, a Luxor kai ne kake shiga muhallin. A Karnak, wani katafaren tsohon gidan bauta da ke Luxor, akwai wani zaure mai ginshiƙai 134, manyan cikinsu sun haura mita 20, kaurin kowanne sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su kewaye shi. Idan ka ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin duwatsun da aka gitta a sama, inda rana ba ta bugawa, za ka ga shuɗi da ja da rawaya suna nan kamar bara aka shafa, alhali sun haura shekara 3,000. Daga Karnak akwai hanya mai kilomita 2.7 da aka jera wa gumaka hagu da dama, wadda aka sake buɗewa a 2021, tana kai ka har tsohon gidan bautar da ke tsakiyar gari. A cikin wannan ginin, a bisa bangonsa, masallacin Abul Hajjaj yake, kuma ana salla a cikinsa har yau. Mun yi magariba a can, muka fito aka kunna fitilu a kan ginshiƙan.

Ƙetaren kogi, yamma da gari, nan Kwarin Sarakuna yake, mai kaburbura sama da 60 da aka fafe cikin dutse. Daga waje ba ka ganin komai sai tsaunuka masu launin toka da ƙofofi. Kana gangarawa ciki sai bango da rufi su cika da zane da rubutu, rufin wasu shuɗi ne da taurari. Tikitin shiga na kaburbura uku ne kawai, ana huda shi a bakin kowanne, don haka kada ku faɗa na farkon da kuka gani. Ku tambayi waɗanda ke buɗe a ranar ku zaɓa. Na Tutankhamun, wanda mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya gano a 1922, tikitinsa daban ne, ƙarami ne kuma, kayansa kusan duk suna Alƙahira, gawarsa da akwatin dutsen da aka binne shi a ciki ne suka rage. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, shi zan fara tsallakewa. Ginin sarauniya Hatshepsut da ke jingine da tsauni yana nan kusa, a safiya ɗaya ake haɗa su.

Aswan tana gaba da Luxor da kimanin awa uku a jirgin ƙasa, kuma duk Masar babu inda hankalina ya kwanta kamar can. Kogin Nilu ya yi faɗi tsakanin baƙaƙen duwatsu, kwale-kwale masu filafilai suna yawo a hankali, mutanen Nuba kuma fatarsu irin tamu, fara'arsu irin ta gida. A kasuwa na ga buhunan zoɓo, su suna ce masa karkade, ga dabino ga goruba a tire, har na tsaya na saya don daɗin ganin abin gida. Daga can ake tashi tun kafin asuba zuwa Abu Simbel, wajen kilomita 280 ta cikin hamada, dab da iyakar Sudan, inda mutum-mutumin Ramsis na Biyu guda huɗu suke zaune, kowanne mita 20. Da aka gina babbar madatsar ruwan Aswan, ruwa ya tashi cinye wurin, sai aka yayyanka ginin gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka sake haɗa shi a tudu, mita 65 sama da inda yake da. Abin gani ne. Amma awa uku zuwa huɗu ne zuwa, haka dawowa, don a yi awa biyu a wurin. Ga yaro mai shekara 7 wannan wahala ce.

Ta fuskar kuɗi, zama a Alƙahira kawai ya fi sauƙi, ba don otal ya fi arha ba, sai don ba ka biyan kuɗin tafiya kudu na mutum huɗu zuwa da dawowa. Baƙi suna biyan kuɗin jirgin ƙasa fiye da 'yan ƙasa, jirgin dare mai gadon kwana kuma wani lokacin kuɗinsa yakan yi kusa da na jirgin sama, don haka ka gwada duka biyun kafin ka yanke. A Luxor tikitocin shiga ne suke taruwa, kowane wuri da nasa. Jirgin ruwan nan mai ɗakunan kwana da ke yin dare uku ko huɗu tsakanin Luxor da Aswan, yana tsayawa a garuruwan Idfu da Kom Ombo, daɗi gare shi, amma shi kaɗai zai cinye rabin kwanakinku da kaso mai tsoka na guzurin, kuma Disamba lokacin tsadarsa ne. Abinci ba zai dame ku ba ko'ina: kushari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, da ful da gurasa da safe, suna ƙosarwa da kuɗi kaɗan.

Watan da kuka zaɓa shi ne ya sa nake tura ku kudu. Da a ce Yuni ko Yuli ne, da na ce ku zauna Alƙahira, don zafin Luxor da Aswan a lokacin yana haura digiri 40, kuma Kwarin Sarakuna ba shi da inuwa. A Disamba kuwa rana mai daɗi ce a kudu, dare da asuba ne suke da sanyi irin na tsakiyar hunturu. Ku riƙe rigunan sanyi, musamman saboda Alƙahira.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Kwana uku na farko a Alƙahira: ɗaya na dala da sabon gidan tarihi, ɗaya na masallatai da kasuwar Khan Khalili, ɗaya na Fusɗaɗ da Saƙƙara. Ka duba kalanda ka sa Juma'a ta faɗo a nan, ku yi salla a Azhar, amma ku je da wuri. Sai Luxor kwana uku, kullum a fita da sassafe a dawo otal kafin azahar, da yamma a hau kwale-kwale. Sauran kwana biyun na hanya ne da tsaraba. Aswan da Abu Simbel ku bar su sai wata tafiyar. Yana yi mini ciwo in faɗi haka, amma cusa su cikin kwana takwas zai mayar da hutun gudu tsakanin tasha da tasha. Idan kuma lissafi ya nuna kuɗin zuwa Luxor ba zai fita ba ko kaɗan, ku zauna Alƙahira ba tare da jin kun yi asara ba, ku ƙara yini guda a Iskandariyya, awa uku ne a jirgin ƙasa, yara su ga teku.

Kafin komai, ka fara neman biza tun yanzu, kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai ta fito. Ka duba fasfo ɗin kowa ya rage aƙalla wata shida, ku tafi da katin rigakafin shawara na mutum huɗun. Yawancin wuraren tarihin sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, sai kati, saboda haka ka je bankinka ka tabbatar naka zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da zai iya biya. Ka tafi da katin makarantar yaran, ana yi wa ɗalibai rangwame. Ka kuma riƙa ajiye canji a aljihu, don tukuici, wanda suke kira baƙshish, ana sa ransa tun daga mai gadin takalma a masallaci har mai riƙe ƙofar banɗaki.