Hattara da mai zagayen "tada tsohon mashin"

Salamu alaikum 'yan uwa na yankin Ringim, Taura da Gujungu, don Allah duk mai tsohon mashin a jingine a zaure ya tsaya ya karanta.

Akwai wani mutum da yake bin ƙauyuka ranar kasuwa, wai shi bakanike ne daga Kano, aikinsa tada tsofaffin injina irin su Honda CG125, Roadmaster da Suzuki A100. Mu ranar Lahadi ya zo mana bayan an tashi daga kasuwar Gujungu, ya ga CG ɗin marigayi Baba da ta shekara 9 a ajiye, ya taka kik ya ji a ƙame, nan take ya ce inji ya yi nokin sai an kai birni. Ya kwance injin ya ɗaure a bayan mashin ɗinsa, ya karɓi dubu 40 kafin alƙalami.

Bayan sati 3 ya dawo da shi an fesa fenti yana ƙyalli, bugu ɗaya ya tashi, wallahi har Inna sai da ta yi ƙwalla da ta ji ƙarar. Ko wata ba a rufa ba ya fara hayaƙi yana ƙwanƙwasa. Da bakaniken garinmu ya buɗe sai muka ga murafun gefe ne kawai namu, kabretar asali ta kamfanin Keihin babu, lambar injin da ke farawa da CG125E an goge ta da garanda an shafe da fenti, cikin duk tsohon ɗan Chana ne, kuma man giya mai kauri ya ɗura a madadin baƙin mai don kar a ji ƙara.

Abin da ya sa damfarar take masa sauƙi, tun 1975 Honda ta fito da CG, an yi ta ne don ƙasashe irin namu da ba a juye baƙin mai a kan lokaci, daga baya 'yan Chana suka kwaikwaye ta, shi ya sa kayansu suke hawa daidai, in ba ka sani ba ba za ka bambance ba. Na Japan ɗin kuwa masu nemansa kuɗi suke sawa sosai.

Abin da ya fi ci min rai, bakanikenmu ya ce ƙamewar nan yawanci ringin fistin ne ya kama saboda daɗewa, da fulogi aka cire aka zuba ɗan baƙin mai ko man gas (dizal) a ramin aka bar shi kwana 3 zuwa sati, a sa a giya ana ɗan tura shi gaba da baya a hankali, da wataƙila ya saki a tsakar gida. Sai wanke kabreta da tanki don tsohon fetur yana daskarewa kamar ƙaro.

Don haka kar ku bari inji ya bar gidanku, a buɗe a gabanku, ku ɗau hoton lambar da waya tukuna. Wayarsa dai a kashe take, mun kai maganar gun mai unguwa, wanda ya zo ma ƙauyensu don Allah ya sanar da mu.