Chaplin ko Rossellini: wa ya fi nuna turjiya ga mulkin Fasist?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli fim ɗin da Charlie Chaplin ya kwaikwayi Hitila ka sha dariya, sai wani ya gaya maka cewa wannan wasan yara ne, in kana son ganin yadda mutane suka tsaya wa 'yan Fasist, wato masu aƙidar kama-karya irin ta Musolini na Italiya da Hitila, to ka nemi Roma città aperta na Roberto Rossellini, daraktan nan na Italiya. Kana tambaya ko gaskiya ya faɗa, kuma wanne ya fi. Mai maganar yana da rabin gaskiya. Fim ɗin Rossellini ya fi nuna turjiya yadda take, amma in jarumtar mai yin fim ake magana, Chaplin ne a gaba, da tazara ma.

Mu fara da lokaci, domin a nan bambancin yake. Chaplin ya fara ɗaukar The Great Dictator a watan Satumba na 1939, kwanaki kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin da kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, ya kuma sake shi a watan Oktoba na 1940. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba, sai a Disamba 1941. Faransa ta faɗi, Hitila yana kan ganiyarsa, manyan kamfanonin Hollywood kuma da yawansu suna taka-tsantsan da duk abin da zai ɓata musu kasuwa a Turai. Chaplin da kuɗinsa ya yi fim ɗin, kuma yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin United Artists tun 1919, don haka babu mai ce masa bari. Ya kuma yi kasada ta wani ɓangaren. Mutumin da duniya ta sani da fim mara magana, a nan ne ya fara buɗe baki sosai a gaban kyamara. Abin mamaki, kwana huɗu ne tsakanin haihuwarsa da ta Hitila: shi 16 ga Afrilu 1889, Hitila 20 ga wata. Ga kuma guntun gashin bakin nan iri ɗaya.

Shi kuwa Rossellini, a waɗannan shekarun ina yake? Yana Rum yana yi wa gwamnatin Musolini aiki. Abokin Vittorio ne, ɗan Musolini na cikinsa, wanda ke da faɗa a ji a harkar fim ta ƙasar. A 1938 yana cikin marubutan Luciano Serra pilota, fim da ke kambama matuƙan jiragen yaƙin Italiya a mamayar Habasha. Daga 1941 zuwa 1943 ya ba da umarnin finafinai uku na yaƙi a ƙarƙashin gwamnatin: ɗaya a kan jirgin ruwan asibiti na sojoji, ɗaya a kan matuƙin jirgin sama, na ukun a kan wani fada, wato limamin cocin Katolika, da ke tare da sojojin Italiya a fagen yaƙin Rasha. An tumɓuke Musolini a watan Yuli na 1943, Jamusawa suka mamaye Rum a watan Satumba suka riƙe ta wata tara, sojojin ƙawance suka shigo ranar 4 ga Yuni 1944. A Janairu 1945 Rossellini ya fara ɗaukar Roma città aperta, wato Rum, birni buɗaɗɗe. Kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Masoyansa suna cewa shi dama ba ɗan siyasa ba ne, sana'a kawai yake nema, kuma ko a waɗancan finafinan wahalar soja ya fi nunawa ba kirarin shugaba ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wanke shi tas ba.

Sai dai duk da haka, kalli finafinan biyu ka ga abin da kowanne ya iya.

Chaplin ya fito a mutum biyu: wani mai aski Bayahude da ya manta komai bayan raunin da ya samu a yaƙin duniya na farko, da kuma Adenoid Hynkel, shugaban wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Tomainia. Makaminsa raini ne. Hynkel yana surfa jawabi da Jamusancin ƙarya har makirufo na lanƙwashewa don tsoro. Yana rawa shi kaɗai a ofis da balan-balan mai siffar duniya, yana cilla ta sama da ƙafa da ɗuwawu, har ta fashe a hannunsa. Sai ga baƙonsa Napaloni, wanda Jack Oakie ya fito a matsayinsa, wato Musolini ke nan, su biyun suna gasar wanda kujerarsa ta aski za ta fi tsawo. Mai mulkin kama-karya yana rayuwa ne da kwarjini, Chaplin kuwa ya tuɓe masa rawani a tsakiyar kasuwa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a 1940.

Amma in ka nemi turjiya ta talakawa a cikin fim ɗin, ba ka samun abu mai yawa. Akwai Hannah, wadda Paulette Goddard ta fito a matsayinta, tana leƙowa ta taga tana maƙe wa dakarun Hynkel kaskon suya a ka. Akwai shirin tarwatsa fadar shugaban, inda aka ce duk wanda ya tsinci kwabo a cikin kek ɗinsa shi zai sadaukar da ransa, sai kowa ya dinga tura wa na kusa da shi kwabonsa, mai askin kuma yana haɗiye su. Sansanin da aka tsare mai askin ya fi kama da gidan yari na wasan kwaikwayo. Chaplin da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa na 1964 cewa da ya san haƙiƙanin abin da ake yi a sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi, da bai iya yin fim ɗin ba. A ƙarshe an ɗauki mai askin a matsayin Hynkel, aka ɗora shi kan mumbari, sai ya fuskanci kyamara ya yi doguwar huɗuba a kan 'yanci da 'yan'uwantaka, yana roƙon sojoji kada su miƙa kansu ga azzalumai. Ni a ganina a nan fim ɗin ya tsaya, Chaplin ya ci gaba. Mai askin da muka sani ba zai iya wannan magana ba. Tana taɓa zuciya, ban musa ba, amma nasara ce da sai a mafarki ake samun irinta.

Rossellini ba shi da mafarki, gawa yake da ita. Wata goma kafin ya fara ɗauka, ranar 24 ga Maris 1944, Jamusawa suka kashe mutum 335 a kogunan Ardeatine da ke wajen Rum, ramuwar sojojinsu 33 da masu gwagwarmaya suka kashe a titin Rasella kwana ɗaya kafin nan. A cikin waɗanda aka kashe akwai wani fada, Don Pietro Pappagallo. An harbe wani fadan, Don Giuseppe Morosini, a watan Afrilu. A farkon Maris kuma wani sojan Jamus ya harbe Teresa Gullace, mace mai ciki, a bakin barikin da aka tsare mijinta. Daga waɗannan mutanen Rossellini da Sergio Amidei da wani matashi mai suna Federico Fellini suka gina labarinsu. Babbar sutudiyon Cinecittà ta zama matsugunin 'yan gudun hijira, fim ɗin ɗaukar hoto sai an tsinto nan da can, don haka aka haɗa da ɗauka a tituna da gidajen gaske. Masu kallo na farko a Rum sun ga unguwanninsu ne a allo.

Fitowar da kowa ke tunawa ita ce ta Pina. Bazawara ce mai ɗa ɗaya, tana da ciki, ranar ɗaurin aurenta da Francesco aka kewaye gidan hayarsu aka kwashe maza. An jefa shi a babbar mota. Ta ƙwace daga hannun sojoji ta bi motar da gudu tana kiran sunansa, aka buɗe mata wuta, ta faɗi a tsakiyar titi, ɗanta ya rugo ya faɗa kanta. Ba kiɗan bankwana mai tsawo, ba kalmar ƙarshe. Tauraruwar fim ta mutu a tsakiyar fim, kuma jim kaɗan bayan haka 'yan gwagwarmaya suka tare motar suka kuɓutar da Francesco. Da ta tsaya da ta gan shi. Anna Magnani ce ta fito a Pina, kuma ita da Aldo Fabrizi, wanda ya fito a fada Don Pietro, an fi saninsu da barkwanci a dandamali kafin wannan fim.

Wani abu da ya ba ni sha'awa: kaskon suya yana nan ma. Sojoji suna bincike, an ɓoye makamai a ƙarƙashin bargon wani tsoho, tsohon ya ƙi yin shiru, sai fadan ya sumar da shi da kasko ya zauna yana yi masa addu'a kamar mai shirin mutuwa. Ka yi dariya, bayan 'yan mintuna Pina tana kwance a titi. Kaskon Chaplin yana sa ka ji cewa azzalumi wawa ne da za a iya bugewa. Na Rossellini yana ba ka numfashi ne kawai kafin a shaƙe ka.

Rabin fim ɗin na biyu shiru ne. An kama Manfredi, injiniya ɗan kwaminis kuma jagoran 'yan gwagwarmaya, bayan budurwarsa Marina ta tona inda yake saboda ƙwaya da rigar sanyi mai tsada. Manjo Bergmann, hafsan Jamus, ya sa aka gana masa azaba har da wuta, aka bar ƙofa a buɗe don fadan ya ji, a ɗakin da ke kusa kuma hafsoshi suna shan giya ana kaɗa fiyano. Manfredi ya mutu bai faɗi suna ko ɗaya ba. Ka ga bambancin: jarumin Chaplin ya ci nasara da magana, na Rossellini da ƙin magana. Haɗa fada da ɗan kwaminis a sahu ɗaya ma saƙo ne ga Italiya ta 1945, inda ɓangarorin biyu suka yi yaƙi tare amma ana shirin rabuwa a siyasa.

To a nan ne nake so ka buɗe ido. Da aka zo harbe Don Pietro, sojojin Italiya ne aka jera, suka karkatar da bindigoginsu suka ƙi samunsa, sai hafsan Jamus ya zaro ƙaramar bindiga ya ƙarasa shi. A fim ɗin gaba ɗaya mugunta ta Bajamushe ce, ɗan Italiya kuwa ko jarumi ne ko mai rauni. Shekara ashirin da ɗoriya na mulkin Musolini kusan sun ɓace. Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Italiyawa suka rataye a Libiya a 1931, mun san cewa Fasist bai jira Bajamushe ya koya masa kisa ba. Habasha ma ta sani tun 1935, kuma sojojin Najeriya suna cikin waɗanda suka kori Italiya daga can a 1941. Rossellini bai yi ƙarya a kan wata taran da Jamusawa suka yi a Rum ba, amma ya zaɓi watannin da mutanensa, da shi kansa, za su fito da fari. Ko Chaplin da ke can California bai raga wa Musolini haka ba.

Sakayyar da suka samu ma ta zo a juye. Fim ɗin Rossellini yana cikin waɗanda suka ci babbar kyauta a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1946, ya bi shi da Paisà a 1946 da Germania anno zero a 1948, ya zama uban sabon salon nuna rayuwa tsirara a fim. Ingrid Bergman ta rubuto masa wasiƙa daga Hollywood tana son aiki da shi. Chaplin kuwa zargin kwaminisanci ya bi shi, a 1952 yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan aka soke izininsa na komawa Amurka, ya tare a Suwizalan, bai sake taka ƙasar ba sai 1972. Dukansu sun rasu a 1977, Rossellini a Yuni, Chaplin ranar Kirsimeti.

Tunda ka riga ka ga na Chaplin, nemi Roma città aperta mai fassara a ƙasan allo, domin da Italiyanci da Jamusanci ake magana. In ya kama ka, wuce kai tsaye zuwa kashi na shida na Paisà, wanda aka ɗauka a fadamun kogin Po, inda Jamusawa ke ɗaure 'yan gwagwarmaya suna tura su cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Kada dai ka kalle shi da yara a ɗaki.